Bayanin Ruɗi da Ƙofar da Yake Shiga

 Wannan takarda ce daga 'yan'uwanku zuwa ga duk wanda ta isa hannunsa, malami ko almajiri, ɗan kasuwa ko manomi, namiji ko mace. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a zaure ko a ƙofar masallaci ko a cikin gida, domin abin da za mu faɗa ya shafi dukiyar mutane, ya shafi rayukansu kuma.

Ku sani, ya 'yan'uwa, mutane sun saba gama ƙarya da ruɗi su mai da su abu guda, alhali akwai rata a tsakaninsu. Ƙarya ita ce mutum ya faɗi abin da bai auku ba, ya ce a Zariya ya kwana alhali yana Kano. Wannan ba ta da wuyar kamawa, shaida ɗaya ya isa ya tona ta, shi ya sa aka ce ramin ƙarya ƙurarre ne. Amma ruɗi, wanda ake ce wa yaudara, ya fi wannan zurfi nesa. Mai ruɗi yana iya wuni tare da kai bai furta kalma ɗaya ta ƙarya ba. Abin da yake yi shi ne ya ɗauko gaskiya kaɗan ya shimfiɗa ta a bisa, sa'an nan ya ƙyale ka, kai da kanka ka zaci abin da ke ƙasa kamar na bisa yake. Ku dubi mai kai gero kasuwa wanda ya zuba tsaba mai kyau a bakin buhu, ƙaiƙayi da tsakuwa suna gindi. In ka ce masa buɗe in gani, zai buɗe da fara'a, abin da idonka ya gani kuwa gaskiya ne, gero ne mai kyau. Bai yi maka ƙarya ba, ya dai cuce ka.

Wannan shi ne algushu, haraminsa kuma sananne ne. Imamu Muslim ya ruwaito labarin tsibin abincin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, ya cusa hannunsa a ciki ya taɓo danshi a ƙasa, mai abincin ya kawo hanzarin ruwan sama, aka zarge shi a kan ɓoye jiƙaƙƙen maimakon ya sa shi inda mai saye zai gani. Malamai suna kiran irin wannan aiki talbisi idan ya shafi hankali da addini, kalmar kuwa asalinta ɗaya da libasi, watau tufa, domin an sa wa ɓata rigar gaskiya. Ibnul Jauzi, malamin Bagadaza wanda ya rasu a shekara ta 597 ta Hijira, ya wallafa littafi guda a kan wannan, sunansa Talbisu Iblis. Imamu Gazali kuma ya keɓe wa ruɗuwa babi a cikin Ihya'u Ulumid Dini, ya kasa ruɗaɗɗu kashi 4, da ya tashi lissafi kuwa da malamai ya fara, kana masu ibada, kana sufaye, kana mawadata. Wanda ke zaton karatunsa ya tsare shi, ya tuna da wannan jeri.

Ba mu so mu tsaya ga ma'anar kalmomi, domin abin da aka gani da ido ya fi zama a zuciya. Za mu ba ku labarin wani ruɗi da ya auku a ƙasar nan, wanda da yawa daga masu sauraron wannan takarda sun san gidan da ya shiga.

A shekara ta 2016 an yi tsanani a Nijeriya. Farashin man fetur ya faɗi a kasuwannin duniya, darajar naira ta zube, jihohi da yawa suka kasa biyan albashi, mudun shinkafa ya fi ƙarfin talaka. A cikin wannan hali wani abu ya bazu ta hanyar intanet, sunansa MMM. Mai shi wani mutumin Rasha ne, Sergei Mavrodi. Alkawarinsa shi ne, abin da ka zuba zai ƙaru da 30 cikin 100 kowane wata. To, ku lura da rigar da aka sa masa. Ba a ce banki ba ne, ba a ce rance ne da ruwa ba, domin an san Musulmi zai ja da baya in ya ji sunan riba. Cewa aka yi jama'a ce ta taimakon juna. Kai ka ba da taimako yau, gobe a ba ka taimako. Kuɗinka ba ya zuwa hannun kamfani, ana aiko maka da sunan wani mutum da lambar asusunsa, ka tura masa kai tsaye, ranar da lokacinka ya yi a aika wa wasu da sunanka su turo maka. Wanda ya ji wannan sai ya ce, ashe adashi ne, iyayenmu ma sun yi.

Ba adashi ba ne, ya ɗan'uwa. A adashi, mata goma suna zuba dubu dubu, kowace ta kwashi dubu goma ranar kwasarta, in zagaye ya cika kowace ta karɓi daidai abin da ta zuba, babu ƙari ko na kwabo. Uwar adashi tana iya ƙidaya maka kuɗin a gaban kowa. A can kuwa ka zuba dubu goma ka kwashi dubu goma sha uku. Ina dubu ukun nan suka fito? Babu gona, babu awaki, babu kanti, babu fatauci. Daga aljihun wanda ya shigo bayanka suka fito, shi kuma nasa ƙarin sai an samo waɗansu sun shigo bayansa. Ku ɗauki alkalami ku yi lissafi. Naira 1,000 da ke ƙaruwa da 30 cikin 100 kowane wata, ba a taɓa ta ba, za ta haura naira 23,000 a shekara guda, ta haura 540,000 a shekara biyu, ta haura miliyan 12 a shekara uku. Wace sana'a ce a bayan ƙasa take haifar da haka? Kuma tun da kowane mai karɓa yana bukatar sababbin masu bayarwa, dole wata rana mutanen su ƙare, domin mutanen gari suna da iyaka.

In ka ce, ai na san wanda aka biya, da idona na ga saƙon banki a wayarsa, sai mu ce maka gaskiya ka faɗa, an biya shi. Wannan biyan shi ne tsabar da ke bakin buhu. Da ba a biya na farko ba, da babu wanda zai shiga na biyu. Nan ne kuma wurin da ya fi ba mu tsoro cikin al'amarin duka, shi ya sa za mu daɗe a kansa. Wanda ya kawo maka maganar ba baƙo ne ba daga Rasha. Ƙaninka ne, ko abokin aikinka, ko wanda kuke sahu ɗaya da shi a masallaci. Ka san shi shekara ashirin bai taɓa cin amanarka ba, yau ma da ya zo bai yi maka ƙarya ba. Ya zuba, an biya shi, ya ga alheri, ya so ka da shi. Ka auna mutumin ka same shi amintacce, sai ka zaci ka auna al'amarin, alhali al'amarin ko taɓa shi ba ka yi ba. An kuma sanya wa duk wanda ya kawo sabon mutum lada na 10 cikin 100 na abin da sabon ya zuba, aka umarci waɗanda aka biya su rubuta takardar godiya a baje ta kowa ya gani. Da haka wanda aka ruɗa ya zama mai ruɗin wani ba da saninsa ba, Mavrodi yana zaune a Mosko, ɗan'uwa yana farauto masa ɗan'uwa.

Ba a rasa masu gargaɗi ba. Babban Bankin Nijeriya ya yi gargaɗi, hukumar kula da kasuwar hannun jari ta yi gargaɗi, majalisar wakilai ta yi magana. Tarihin mutumin ma ba ɓoyayye ne ba. Ya yi irin wannan a Rasha da wannan suna, abin ya rushe a 1994, dukiyar miliyoyin mutane ta salwanta, kotu ta yanke masa ɗauri a 2007. Shi ma ba shi ne farau ba. A 1920 a birnin Boston na Amurka wani mutumin Italiya, Charles Ponzi, ya yi wa mutane alkawarin ƙarin 50 cikin 100 a kwana 45, ya ce yana cinikin takardun gidan waya waɗanda ake saye da araha a wata ƙasa a musanya su da kan sarki a wata. Takardun nan akwai su, bambancin farashin ma akwai shi, sai dai shi ba cinikin yake yi ba, kuɗin na baya yake ba na gaba. Bai cika shekara ba asirinsa ya tonu, ya sha ɗauri, ya mutu matalauci a Birazil a 1949, har yau kuma da sunansa ake kiran wannan irin zamba.

Me ya hana mutane jin gargaɗin? An riga an koya musu amsa tun kafin gargaɗin ya iso. An ce musu bankuna hassada suke yi, su da ke cin kuɗin talaka da caje-caje, gwamnati kuma da ta kasa biyan albashi ba ta da bakin hana mutum neman abinci. A cikin wannan magana ma akwai gaskiya, ba mu musunta ba, talaka yana da abin kuka da banki da hukuma. Amma laifin banki bai haifar da dubu ukun nan ba. Ranar 13 ga Disamba 2016 aka wayi gari an rufe asusun kowa, aka ce na wata ɗaya ne. An buɗe a Janairu 2017, amma abin bai sake tsayawa da ƙafarsa ba. Hukumar inshorar ajiyar banki, NDIC, ta faɗa a 2017 cewa mutane wajen miliyan 3 sun yi hasarar naira biliyan 18. Mavrodi ya mutu a watan Maris 2018, bai mayar wa kowa da kome ba. A cikin abin da ya tafi akwai kuɗin makarantar yara, akwai jarin mata, akwai sadaki da aka tara, akwai amanar da aka ba wani ajiya ya ce bari ya juya ta wata guda ya mayar.

Kada wani ya ce wannan sha'anin makwaɗaita ne, ni kuwa duniya ba ta dame ni ba. Ruɗi yana shiga ta ƙofar son dukiya, yana kuma shiga ta ƙofar ƙin masu dukiya, na biyun ya fi na farko ɓarna, domin rai yake ci. Dattawan Kano ba su manta da Muhammadu Marwa ba, wanda aka fi sani da Maitatsine saboda yawan tsinuwa a wa'azinsa. Mutumin Marwa ne ta ƙasar Kamaru, an kore shi daga Kano a 1962 zamanin Sarki Muhammadu Sanusi, ya komo daga baya ya kafa zangonsa a unguwar 'Yan Awaki. Shekarun nan na 1970 shekarun kuɗin fetur ne. Waɗansu sun yi arziki dare ɗaya, rashawa ta yawaita, gardawa da 'yan ci-rani suna shigowa birni su tarar ba mai duban su, sana'o'in da suka saba dogara da su suna mutuwa. Marwa ya ce musu mawadatan nan azzalumai ne, sun sayar da lahira da duniya. Yaron da ya kwana da yunwa a gindin katangar mai mota uku bai bukaci hujja a kan wannan ba. Marwa ya ba su masauki, ya ba su abinci, yana karanta Alkur'ani da baki mai kaifi. Wannan shi ne bakin buhu. A gindi kuwa akwai haramta abin da Allah bai haramta ba, kamar agogo da rediyo da keke, akwai watsi da hadisi, akwai kafirta sauran Musulmi da halatta jininsu. Ya raba yaran nan da kowane malami in ba shi ba, har ya zama babu wanda zai ce musu, ku tsaya, wannan a wane littafi yake?

Ranar 18 ga Disamba 1980 faɗa ya tashi tsakaninsu da 'yan sanda a filin Shahuci, ya ci kwanaki, sai da soja suka shigo da manyan bindigogi kana ya mutu, Marwa ma ya halaka a ciki. Kwamitin binciken da Mai Shari'a Anthony Aniagolu ya shugabanta ya ƙidaya mutum 4,177 da suka mutu. Wutar ba ta mutu da mutuwarsa ba, ta sake tashi a Bulumkutu ta Maiduguri da Kaduna a 1982, a Jimeta a 1984, a Gombe a 1985. Mafi yawan waɗanda suka ɗauki makami suka mutu sun mutu ne suna zaton Allah suke bauta wa, iyayensu a ƙauye suna zaton karatu suka tura su.

Ku dubi mutanen nan biyu, ɗaya Bature mai kiran mutane ga kuɗi, ɗaya mai rawani mai tsine wa kuɗi. Ba su san juna ba, ba su yi zamani ɗaya a ƙasar nan ba, amma tambaya ɗaya suke ƙi, ita ce, daga ina? Ribar nan daga ina? Hukuncin nan daga ina, wa ya karantar da kai shi, shi kuma wa ya karantar da shi? Magabatanmu ba su jin haushin wannan tambaya, su ne ma suke riga mai tambaya amsawa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo bai ɓoye cewa ya yi karatu wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru ba, ya kuma saɓa masa a fili a kan kafirta mai babban zunubi, da hujja, ba tare da ya rage girmama shi ba. Ƙaninsa Abdullahi ya rubuta littafi musamman, Ida'un Nusuhi, don ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu daga gare su da littattafan da ya karanta. Bafatake na kirki haka yake, in ka tambaye shi inda ribarsa take fitowa zai gaya maka nawa ya sayo goro, nawa ya biya mota, nawa ya ruɓe a hanya. Wanda ka yi wa wannan tambaya ya ɓata fuska, ko ya ce maka ba ka da tawakkali, ko ya ce yi sauri kafin a rufe ƙofa, ko ya ce kada ka gaya wa malaminku don ba zai gane ba, to ka tashi ka kama takalminka. Mu ma da muka rubuto muku wannan takarda ba mu fi ƙarfin tambaya ba. Shekarun da muka ambata da lissafin da muka yi, ku kai wa wanda ya sani ya duba muku.

Mun ji masu cewa ai wannan ya wuce, mutane sun waye. Ina fa. A watan Afrilu 2025 wani mai suna CBEX ya rufe da kuɗin jama'a bayan ya yi alkawarin ninka abin da aka zuba cikin wata guda, har mutane suka fasa ofishinsa a Ibadan suka kwashe abin da suka samu. Rigarsa ce kawai ta sake, wancan ya ce taimakon juna, wannan ya ce na'ura mai basira ce ke yi muku ciniki da kuɗin intanet. A shekara ta 2025 aka sa hannu a kan sabuwar dokar zuba jari wadda ta tanadi ɗauri ga masu kafa irin wannan tarko. Madalla da doka, sai dai hukuma takan iso ne bayan kuɗi sun tsallaka teku.

Saura magana ɗaya, ita ce mafi nauyi a bakinmu, domin ta shafi mutanen da muke gaisawa da su kullum. Duk lokacin da irin wannan abu ya rushe, ana jin kukan waɗanda suka yi hasara, ba a jin motsin waɗanda suka shiga da wuri suka fita da ƙari. Sukan yi shiru, wani ma ya ce Allah ne ya tsare shi. Ya ɗan'uwa, abin da ka karɓa sama da abin da ka zuba ba rabonka ne da ya sauko daga sama ba. Dukiyar wani Musulmi ce ko wani maƙwabci, wanda ya tura maka ita da hannunsa yana zaton za ta komo masa, ba ta komo ba. Jahilcinka a ranar da ka karɓa yana iya ɗauke maka zunubin ganganci, amma ba ya mai da dukiyar ta zama taka. Uwar kuɗinka taka ce, ka riƙe. Ƙarin kuwa, da ladan kawo mutane, ka lissafa su. In ka san waɗanda suka turo maka, sunayensu suna cikin takardar asusunka ta banki, ka neme su ka mayar musu. Ka fara da waɗanda kai ne ka kai su da bakinka, domin su ne suka fi kusa, kana ganinsu a kasuwa suna kau da kai. In ka nema iyakar iyawarka ba ka same su ba, malamai sun ce a yi sadaka da irin wannan dukiya da niyyar masu ita, kada ka sa ran lada a kanta. Wanda ba shi da halin biya gaba ɗaya ya rubuta abin a matsayin bashi, ya sa shaidu biyu, ya sanar da magadansa, ya riƙa ragewa kaka bayan kaka.

Muna roƙon limaman unguwanni da masu wa'azin kasuwa su ɗauki wannan mas'ala ta mayar da ƙari su karantar da ita a fili, su kuma zauna tsakanin mai mayarwa da mai karɓa in an bukace su, ba tare da tozarta kowa ba, domin kunya ce take hana da yawa fitowa. Wanda lissafinsa ya rikice masa ya tafi da takardunsa wurin alkali ko malamin garinsu.